Tsoro a Fim Ma Yana da Ƙa'idarsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in tofa albarkacin bakina kan fina-finai iri biyu da suka cika wayoyin matasanmu a 'yan shekarun nan: na bamfaya, wato matattun nan da ke tashi da dare suna shan jinin mutane, da kuma na aikata laifi da farautar mai laifi. Wanda bai kalli waɗanda zan ambata ba ya yi haƙuri, don sai na fasa ƙwai a wasu wuraren kafin magana ta fito.

A ido, iri biyun nan ba su haɗa hanya ba, amma ginshiƙinsu ɗaya ne. Mai kallo ba ya jin tsoro na gaske sai ya san abin da ke iya faruwa da abin da ba ya iyawa. A nuna mutum ya zura ƙafa a takalmi ya ƙwalla ihu, kunama ta harbe shi: an razana mai kallo na daƙiƙa biyu, shi ke nan. To a fara nuna kunamar tana shiga takalmin. Sannan a nuna mutumin yana alwala, yana laluben hularsa, ya ɗauki takalmin, waya ta yi ƙara ya ajiye, ya gama magana ya sake sunkuyawa. Minti uku cur ba wanda zai motsa a gidan kallo. Kunama ɗaya ce, takalmi ɗaya ne, bambancin kawai an sanar da mai kallo dokar wasan tun da wuri, kuma ba a saɓa ta ba.

Fim ɗin Sinners na 2025, wanda Ryan Coogler ya ba da umarni, shi ne ya fi riƙe wannan darasi a cikin na bamfayan da suka fito kwanan nan. Labarin a jihar Misisifi ta Amurka ya faru, a 1932, zamanin da doka ke raba baƙar fata da farar fata hatta a shago. Tagwaye biyu, waɗanda Michael B. Jordan ya fito a matsayinsu shi kaɗai, sun dawo gida daga Shikago, suka sayi tsohon gidan yankan katako suka mayar da shi gidan rawa. Kusan rabin fim ɗin ya tafi wajen tara mutane: mai kiɗa, mai dafa kifi, mai rubuta allon talla, mai gadin ƙofa. Masu gajen haƙuri sun ce an ja labari da yawa. Ni kuwa ina ganin nan ne ƙarfinsa yake, domin wanda ba ka san shi ba, mutuwarsa ba ta dame ka ba.

Dokar da aka kafa a fim ɗin tsohuwa ce: bamfaya ba ya shiga gida sai wani na ciki ya ce masa ya shigo. Dubi yadda aka ci moriyarta. Mai gadin ƙofa, wanda tun farkon dare yake shiga yana fita ba tare da neman izinin kowa ba, ya zagaya baya don ya kama ruwa. Da ya dawo sai ya toge a bakin ƙofa yana murmushi, yana neman a ce masa ya shigo. Ba jini a jikinsa, ba fiƙa a waje, ba a buga wani ƙara mai firgitarwa ba. Mutum ne kawai yake neman izinin da bai taɓa nema ba, kuma duk mai kallo ya gane abin da ya same shi a cikin duhu. Haka ma wurin da waɗanda suka rage suka tsaya kowa ya tauna tafarnuwa a gaban 'yan uwansa don a tantance wanda ya rikiɗe. Inda fim ɗin ya ɗan yi tuntuɓe shi ne bayan an furta kalmar gayyatar. An yi gaggawar faɗan, halittun da aka nuna mana ƙarfinsu ya fi na mutum suka riƙa zubewa cikin sauƙi, har lissafin mutanen da ke cikin ɗakin ya nemi ya ƙwace wa mai kallo.

Yana da kyau masu kallonmu su san inda wannan dodo ya samo asali, don ba daga sinima ya fara ba. A 1725, a ƙauyen Kisilyebo na ƙasar Sabiya, mutanen gari suka tono kabarin wani manomi da suke zargi da kashe maƙwabtansa bayan mutuwarsa, suka kafa masa tsinin itace a ƙirji, suka ƙona gawar, jami'in daular Ostiriya yana tsaye yana rubuta rahoto. Wani rahoton na likitocin soja daga ƙauyen Medbeja, a 1732, shi ne ya baza kalmar bamfaya a faɗin Turai. Abin da suka gani a kaburburan ba ƙarya ba ne, fassarar ce ta kuskure. Gawa idan ta fara ruɓewa iska na taruwa a cikinta, sai ta kumbura kamar wanda ya ci ya ƙoshi. Iskar tana turo wani ruwa mai kama da jini ta baki da hanci. Fata tana bushewa ta ja baya, sai farce da gemu su zama kamar sun ƙara tsawo. In aka soka itace, iskar ta fita ta maƙogwaro, sai a ji kamar nishi. A 1755 sarauniya Mariya Teresa ta sa likitoci su bincika, daga nan ta hana tone-tonen. A Amurka ma an tono gawar wata budurwa a jihar Rod Ailan a 1892, alhali tarin fuka ne ke cinye 'yan gidan ɗaya bayan ɗaya.

Saura duk ƙari ne na marubuta. A littafin Dracula na 1897 dodon yana yawo da rana, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa. Fim ɗin Jamus na 1922, Nosferatu, shi ya kawo mutuwar bamfaya da fitowar rana, kuma saura ƙiris a rasa shi gaba ɗaya, don labarin Dracula aka kwafa ba izini, matar marubucin littafin ta kai ƙara, kotu ta ba da umarni a 1925 a lalata kwafinsa. Jemagen da ake jinginawa da lamarin ma ba namu ba ne. Masu shan jini iri uku ne kacal, duk a Meziko da Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, kuma lasa suke yi ba tsotsa ba. Namu na kan bishiyar ɗurumi 'ya'yan itace ne abincinsa.

Robert Eggers ya sake yin Nosferatu a 2024, ya mayar da dodon kamanninsa na asali: ruɓaɓɓiyar gawa mai gashin baki, mai numfashi da ƙyar, wadda ke shan jini ta ƙirji maimakon wuya. An yi amfani da dubban ɓeraye na gaske, an haska wurare da dama da kyandir. Aiki ne na gwanaye, amma sanyinsa ya yi yawa, kuma duk wanda ya san tsohon labarin ya san inda za a sauka tun daga minti na ashirin. Babbar matsalarsa a wajenmu ma ba ta darakta ba ce. An ɗauki fim ɗin ne don babban allon sinima a ɗaki mai duhu, mu kuwa a waya muke kallonsa, bayan masu tura fim sun matse shi ya koma megabait 300 ko ƙasa da haka. Manhajar matse bidiyo tana zubar da bayanan da take ganin ido ba zai lura da su ba, kuma wuraren duhu take fara ci. Sai inuwar da aka ɓata dare guda ana tsarawa ta koma baƙaƙen murabba'ai masu rawa. Wanda ke son ya ga abin da aka ɗauka ya nemi kwafi mai nauyi, ya kashe fitilar ɗaki, ya sa abin sauraro a kunne. Masu fassara zuwa Hausa kuma su ji tsoron Allah su bar shiru ya yi aikinsa. Inda darakta ya bar daƙiƙa talatin ba magana, da gangan ya bari. In mai fassara ya cike wurin da barkwanci, ya kashe fitowar.

Sai batun jini, wanda nan ne ake gane fim ɗin da aka yi da kula. Babban mutum yana da jini kusan lita 5 a jikinsa. Ya rasa lita 2 ba tare da an ƙara masa ba, rayuwarsa na cikin haɗari. Amma sai ka ga jarumi ya zubar da abin da zai cika bokiti, ya tashi ya ci gaba da dambe. Jinin jijiyar da ke fitowa daga zuciya ja ne jawur, yana tsartuwa daidai da bugun zuciya. Na jijiyar da ke komawa ya fi duhu, malala yake yi. Cikin minti goma ya fara daskarewa, bayan 'yan sa'o'i ya koma ruwan ƙasa. Duk fim ɗin da ɗan sanda ya iso washegari ya tarar da jini ja yana ƙyalli a ƙasa, mai kwalliya ne bai yi aikinsa ba.

Haɗa na fim ba wuya. A dafa kofi biyu na sikari da kofi ɗaya na ruwa har ya yi kauri, a bar shi ya huce. A zuba cokali ɗaya na jar kalar abinci, ɗigo biyu na shuɗiya don kashe hasken jan, da ƙaramin cokali na garin koko don kada haske ya ratsa shi kamar lemon kwalba. In tsohon jini ake so, a ƙara koko. Illarsa uku ce: yana kiran ƙuda da kiyashi, yana danƙo, kuma ba ya fita daga farar shadda. Saboda haka a tanadi riga iri ɗaya guda uku, don ba a cika samun fitowa a ɗauka ɗaya ba. A gwada shi a kan fatar ɗan wasan da zai sa, ƙarƙashin fitilar da za a yi aiki da ita. Jini a kan baƙar fata da dare ɓacewa yake yi, sai an sa fitila daga baya ko daga gefe ta yadda zai yi sheƙi. Dare a fim ma ba rashin fitila ba ne. Fitila ɗaya mai ƙarfi daga sama ta bayan ɗan wasa, a rufe ta da shuɗiyar leda ta zama farin wata, wata ƙarama a gaba don a ga ƙwayar ido, a ɗan busa hayaƙi a bayan fage. Janareta kuma a kai shi nesa da doguwar waya, in ba haka ba gurnaninsa zai zauna a ƙarƙashin kowace magana.

A ɓangaren fina-finan masu laifi, biyu ne suka fi burge ni, kuma dalilin ɗaya ne. Maharaja na 2024, fim ɗin yaren Tamil da Vijay Sethupathi ya ja, ya fara da mai aski da ya je ofishin 'yan sanda yana ƙarar an sace masa kwandon shara na ƙarfe, har yana tayin kuɗi masu yawa ga wanda ya nemo shi. Ana dariya, alhali an ɗana tarko. Darakta ya gauraya abubuwan da suka faru a lokuta mabambanta, ya bar mai kallo ya ɗauka a jere suke. Abin yabon shi ne bai yi ha'inci ba. In ka sake kallo za ka ga alamun suna nan a fili, kai ne ba ka lura ba. Ƙa'idar ke nan: duk hujjar da za a warware labari da ita a ƙarshe, sai an nuna ta tun farko, ko da a gefen hoto ne. Tashin hankalin da ke cikinsa dai ya yi yawa, ba na kallo da yara ba ne.

Na biyu shi ne Rebel Ridge, shi ma na 2024. Tsohon soja ne a kan keke, ɗauke da dala 36,000, zai je belin ɗan uwansa a wani ƙaramin gari, 'yan sanda suka tare shi suka ƙwace kuɗin. Ba fashi suka kira abin ba. A Amurka akwai dokar da ta ba hukuma damar riƙe dukiyar da ake zargin tana da alaƙa da laifi ko da ba a tuhumi mai ita ba, sai shi ya bi kotu ya nemi a mayar masa. Bos ɗin fim ɗin a gaskiya takarda ce da kanta, da ranakun da ke ƙurewa. Jarumin ma ƙwace bindiga yake yi ya zare harsashi, ba kisa ba. Wanda ya rubuta labarin ya zauna ya karanci yadda tsarin ke aiki, shi ya sa kowane mataki ke da nauyi.

A nan gida, The Black Book na 2023 ya fara da ƙafar dama: dattijon coci da 'yan sanda suka ɗora wa ɗansa laifin garkuwa da mutane suka kashe shi. Ɗaukar hoto da sauti sun kai a yaba. Amma daga tsakiya aka yi ta jibga masa kaya, ga tsohon janar, ga 'yar jarida, ga tsohon sirrin soja, har baƙin cikin uban, wanda shi ne ya zaunar da mu, ya nutse a cikin hayaniya. Rubutun fim shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo. Mai shafi 110 ba shi da wurin labari huɗu.

Kurakuran da ake ta maimaitawa a irin waɗannan fina-finai, namu da na waje, sanannu ne. Gidan harsashin AK-47 guda 30 yake ci, bindigar kuma tana fitar da kusan 600 a minti, wato in aka danne kunama daƙiƙa uku ta ƙare. Amma sai a yi minti biyu ana ɓarin wuta ba wanda ya canza gida. Hankicin da ake shafa wa magani a toshe wa mutum hanci da shi ya sume nan take, a zahiri maganin yana ɗaukar mintuna, kuma yana iya kashewa. Wanda aka buga wa abu a ƙeya ya yi awa guda a sume ba zai farka ya karkaɗe riga ya kama gudu ba, ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Hoton kyamarar tsaro da fuskar mutum ba ta wuce ɗigo goma ba, ko wace kwamfuta aka kai shi ba za ta ƙirƙiro abin da ba a ɗauka ba. Zancen a ja mai garkuwa da hira har a gano inda yake kuwa tsohon yayi ne. Kamfanin waya yana da bayanin turken sabis ɗin da kira ya bi tun daga daƙiƙar farko. Wahalar ita ce turke ɗaya a karkara yana ɗaukar kilomita da yawa, kuma layin sau da yawa da sunan wani aka yi masa rajista.

Likitan fim yakan taɓa gawa ya ce ƙarfe kaza aka yi kisan. Gawa tana fara sandarewa bayan awa biyu zuwa shida, ta gama a wajen awa 12, ta saki bayan kwana ɗaya zuwa biyu, kuma zafi yana hanzarta duk wannan. Lissafin da ke cewa jiki na hucewa da kusan digiri ɗaya a kowace awa na ƙasashen sanyi ne. A Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu, inda zafi ke haura digiri 40, jikin da ke kan 37 ina zai huce ya tafi? Marubucin da ya kwafo wannan daga fim ɗin Ingila ya kwafo abin da ba ya aiki a garinsu.

Abin takaicin shi ne kayan labari suna nan birjik a ƙofar gidanmu. Mu muna binne mamaci cikin sa'o'i, iyalai da yawa kuma ba sa yarda a fede gawa. Ga mai bincike da ke tsere da lokaci kafin a yi wanka a sa likkafani bayan la'asar. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wanda ake nema. Dokar shaida ta 2011 ta ce ikirarin da aka samu ta hanyar azabtarwa ba ya karɓuwa, kuma bayanin da aka ciro daga waya ko kwamfuta sai da takardar tabbatarwa. Cibiyar gwajin ƙwayoyin halitta ta jihar Legas sai a 2017 aka buɗe ta, don haka jami'in da ke Gusau ba zai sami sakamako kafin magariba ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan agogo ne mai bugawa, irin kunamar nan ta cikin takalmi. Amma a yawancin fina-finanmu bincike mari ne biyu a bayan kanta, sai mai laifi ya fashe da kuka ya faɗi komai.

Haka ma bamfaya ba ya dasuwa a ƙasarmu yadda yake. Akwatin gawa, da gicciye, da tsohuwar fadar kan dutse duk na Turai ne. Abin da Bahaushe ya gada yana tsoro shi ne maye, kuma maye rayayye ne, maƙwabci ne, ana cewa kurwa yake kamawa, mara lafiya ya riƙa kiran sunansa, a taso shi a ce sai ya tsallake. Tsoron da ke nan ya fi na fiƙa zurfi, don tambayar ita ce wane ne a cikinmu. Sai dai mai ɗaukar wannan labari ya san da wuta yake wasa, domin zargin maita ya sha jawo a yi wa tsofaffi da marasa galihu dukan kawo wuƙa, wasu har lahira. Fim ɗin da zai fi tsoratarwa, a ganina, shi ne wanda zai tsaya a kan taron da ya kewaye gidan tsohuwar, mai kallo kuma ya riga ya san zazzaɓin cizon sauro ne ya taɓa ƙwaƙwalwar yaron.

Kafin in ajiye alƙalami, Edita, ga jan kunne ga matasan da ke ɗaukar irin waɗannan fina-finai don YouTube. A Oktoban 2021 harsashi mai rai ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins a wajen ɗaukar wani fim a jihar Niyu Meziko, a masana'antar da ke da ma'aikaci na musamman don kula da makamai. Ko harsashin da ba shi da kai yana iya kisa in an harba a kusa. A yi aiki da bindigar roba, a ƙara walƙiya da ƙara a kwamfuta. Kada a karɓi aron ta gaske daga kowa, kada a yi amfani da wuƙa mai kaifi ko da an naɗe bakinta. Kwana biyu kafin a fita, a kai takarda ofishin 'yan sanda na yankin, a gaida mai unguwa a sanar da shi, a sa mutum biyu a bakin layi suna faɗa wa masu wucewa cewa fim ake yi. A halin da ake ciki, mutum huɗu da rawani a fuska da abin da ya yi kama da bindiga a bakin gari da magariba, 'yan sintiri ba za su tsaya neman kyamara ba.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai karanta jaridarka daga Zariya